RA'AYINMU: Baƙon Filin Ƙwallo Amana Ne

Duk ƙarshen mako, da zarar gasar ƙananan rukunoni ta kankama, akan ga motoci cike da matasa suna barin wannan gari zuwa wancan, da ganguna da tutoci, domin raka ƙungiyarsu wasan waje. Da yawa daga cikin waɗannan matasa 'ya'yan kasuwa ne: yaran shago, 'yan dako, 'yan kamasho, 'yan kabu-kabu da direbobi. Sau da yawa ma kuɗin man motar da ta kwashe su daga aljihun wani attajirin kasuwa ya fito, kamar yadda rigunan 'yan wasan da ƙwallon da za a buga suka fito. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ja hankalin 'yan kasuwarmu na bakin iyaka a kan halin da ɗan kallo baƙo kan sami kansa a ƙaramin fili, domin maganar ta shafe su kai tsaye.

Wanda bai san ƙwallo ba sai a talabijin zai ɗauka duk filaye ɗaya ne da na Janar Seyni Kunce da ke Yamai ko na Sani Abacha da ke Kano, inda akwai katanga, da ƙofofi da dama, da wurin zama a jere. Ƙaramin fili ba haka yake ba. Igiya ce kan raba 'yan kallo da 'yan wasa, wani wurin ma layin farar ƙasa ne kawai. Rumfa ɗaya ce, ita ma ta manyan baƙi. Idan akwai katanga, ƙofa ɗaya ake buɗewa saboda karɓar kuɗin shiga. 'Yan sanda ko jandarmomin da ke wurin ba su fi a ƙirga su da yatsun hannu ba, 'yan wasa kuwa a cikin mota ko ajin makaranta suke sauya kaya. A irin wannan wuri, mutanen da suka zo cikin mota ɗaya ko biyu suna tsakiyar gari guda ne, kuma babu abin da ke tsare su sai mutuncin masu gida.

Ba mu ce a daina zuwa ba. Kallon ƙwallo a ƙaramin fili yana da daɗin da babban fili ba shi da shi: kuɗin shiga kaɗan ne, ɗan wasa yana jin muryar wanda ke kiran sunansa, kuma a nan ake fara ganin yaran da gobe za su yi suna. Ahmed Musa a filayen Jos ya taso kafin ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar da ta ƙare a 2010. Garin da ya karɓi baƙi shi ma ba ya tashi a banza, domin mai tsire, da mai ƙosai, da mai ruwan sanyi, da mai shayi, da ɗan kabu-kabu duk sukan yi ciniki a ranar. Ƙungiyoyi irin su Jangorzo da Dan Kasawa na Maraɗi da Espoir ta Damagaram sun san cewa wasan da babu baƙi a cikinsa lami ne.

Sai dai abin takaici shi ne yadda wasu magoya baya suka mayar da filin gida tamkar wurin da aka haramta wa baƙo yin nasara. An daɗe ana kuka da wannan ɗabi'a ta "ba a cin mu a gida", wadda kan sa alƙalin wasa ya hura usur da tsoro a zuciyarsa, ya kuma sa baƙi su ƙi yin murna ko da ƙungiyarsu ta jefa ƙwallo a raga. A watan Afrilu na 2022 an tashi wasan Kano Pillars da Katsina United ba a ƙare ba bayan 'yan kallo sun kutsa cikin fili, aka farfasa motar baƙi, daga bisani hukumar gasar ta ci tarar Pillars Naira miliyan 9, ta kuma cire mata maki 3. A ƙarshen wannan kaka ƙungiyoyin biyu duk sun faɗa rukuni na biyu. Idan haka ta faru a babban fili mai katanga da jami'an tsaro, tsakanin garuruwa biyu da ke maƙwabtaka, ina ga filin da igiya ce kaɗai shingensa?

Abin da ya faru a garin Nzerekore na ƙasar Gini ranar 1 ga Disamba, 2024 ya isa wa'azi. Wasan ƙarshe ne na wata gasar cikin gida tsakanin 'yan garin da baƙi daga Labe. Hukuncin alƙalin wasa ya jawo gardama, aka fara jifa, jami'an tsaro suka harba hayaƙi mai sa hawaye, jama'a suka ruga neman hanyar fita. Gwamnati ta ce mutum 56 ne suka rasu a turmutsitsin, cikinsu har da yara. Duk abin da ya haɗu ya jawo wannan musiba akwai shi a filayenmu: taro ya fi ƙarfin wuri, hanyar fita ba ta wadatar ba, ga fushi a kan alƙali. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Maganin wannan matsala yana hannun 'yan kasuwa tun kaka da kakanni. Falke ba ya shiga garin da bai sani ba sai yana da fatoma, wanda zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Ayari kuma ba ya tashi sai da madugu, wanda kowa ke bin maganarsa. Da wannan tsari ne mutumin Maraɗi ke cin kasuwar Jibiya, na Birnin Konni ya ci ta Illela ranar Lahadi, na Magarya da Dungas su ci ta Maigatari ranar Alhamis, a karɓi kaya bashi a biya mako mai zuwa ba tare da takarda ba. Abin da muke nema shi ne a ɗauki wannan tsari a kai shi filin ƙwallo.

Dalili kuwa a fili yake. Yaron da aka fasa wa kai a fili ranar Asabar yana da ubangida a kasuwa, kuma wanda ya jefe shi zai bi ta tashar garinsu ranar kasuwa. Gilashin motar da aka fasa na wani direba ne da ke ɗauko mana kaya. Gaba ba ta tsayawa inda aka fara ta, takan bi hanya har rumfar ciniki. Mun ɗanɗani abin da rufe hanya ke jawowa lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Waɗancan hukuma ce ta rufe, ba mu da yadda za mu yi. Bai kamata mu bari yaranmu su rufe mana wata hanyar da duwatsu ba.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan tasha na kowane gari da su naɗa dattawa biyu ko uku da za su zama fatoman baƙi a duk ranar wasa. Su tarbe su a bakin gari, su nuna musu inda za su ajiye mota kusa da hanyar fita, a keɓe musu gefe ɗaya na fili, a kai musu ruwa, su kuma dattawan su zauna a cikinsu har a tashi. Da wuya yaro ya ɗauki dutse ya jefi wurin da ya hango ubangidansa a zaune. A buɗe dukkan ƙofofi kafin a hura usur na ƙarshe, a raka alƙalin wasa da mataimakansa, a raka motar baƙi har ta fita gari.

Su ma baƙi akwai nasu haƙƙin. Kowace mota ta tashi da madugu wanda ya san sunan kowa da ke ciki, ya kuma sanar da masu gida zuwansu tun kafin ranar. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, musamman idan wasan sada zumunta ne da za a ƙetare iyaka. Kada a ɗora mutane a kan rufin mota, kada a bar mai shan ƙwaya ko mai ɗauke da makami ya shiga, a kuma kama hanya da sauran rana saboda halin da hanyoyinmu suke ciki. Kirari da kiɗa ba laifi ba ne, amma zagin iyaye da gori a kan sarauta ko asalin gari ba ya cikin wasa. Baƙo raɓa ne, in ya ci nasara ya yi murnarsa cikin ladabi ya wuce.

Ga hukumomin ƙwallo kuwa, FENIFOOT a nan Nijar da NFF a Nijeriya, tare da magadan gari da shugabannin ƙananan hukumomi, muna roƙon kada a amince da filin da ba shi da aƙalla ƙofar fita biyu. A tunatar da jami'an tsaro cewa ƙa'idar FIFA ta hana amfani da hayaƙi mai sa hawaye a cikin filin wasa. Ƙungiyar da magoya bayanta suka taɓa baƙo a hukunta ta ba sani ba sabo, ko da ta wane ce. Attajiran da ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyi kuma su gindaya sharaɗi: ranar da aka jefi baƙo, ranar tallafi ya tsaya.

Zumunta a ƙafa take, kuma wanda yake mai gida yau shi ne baƙo a zagaye na biyu. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su gida lafiya.