Gyaran madannan kwamfuta: kada garin neman gira a rasa ido

Duk ma'aikacin da madannan kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka suka taɓa maƙalewa ana gobe zai miƙa takarda ga babban sakatare ya san irin gaggawar da ake yi zuwa shagunan gyara na Wuse. Can mai gyara zai ce a sauya madannan kawai, a mayar da tsohon batirin, kuɗin ya yi sauƙi. A ganina wannan rangwame ne da ya kamata a yi wa kallon tsanaki.

A wasu siraran kwamfutocin zamani, musamman MacBook Pro, da gam ake manne batirin a jikin murfin da ke ɗauke da madannan. Shi ya sa lokacin da kamfanin Apple ya buɗe shirin gyaran madannai kyauta a 2018, sau da yawa murfin gaba ɗaya yake sauyawa har da batirin. Mai gyaran da ya ɓamɓare batirin da ƙarfe ko ya gasa gam ɗin da zafi yana iya lanƙwasa shi. Batirin litiyam kuwa siraran shafuka ne da wata 'yar fata ta raba tsakaninsu. Idan fatar ta yi rauni, kwamfuta za ta tashi lafiya lau a shago, illar kuma ta ɓullo daga baya, a cikin jaka ko a mota cikin zafin watan Maris.

Akwai kuma abin da ake mantawa. Sau da yawa batirin da ya kumbura ne ke tokare madannan daga ƙasa. Wanda ya sa sababbin madannai bisa kumburarren batiri ya bar cutar a inda take.

Masu cewa batiri na asali yana da tsada suna da gaskiya, kuma idan da sukurori aka ɗaure shi, bai kumbura ba, ana iya cire shi a mayar. Amma na gam, da zarar an ɓamɓare shi da ƙarfi, bai cancanci komawa ba.

Kwamfutar ofis dukiyar gwamnati ce, abin da ke cikinta kuma amana ce. Kafin ka miƙa ta, sanar da sashen kula da na'urori, ka kwafe takardunka, sannan ka tambayi mai gyara ƙarara yadda zai raba batirin da murfin. Su ma masu amincewa da kuɗin gyara su daina soke farashin batiri daga lissafi da sunan tattali.