Kafin mu ce "ka gafarta"

'Yan'uwa matasa, Boko Haram ta kama Mubi a 2014. Jama'a sun koma gida, an sake gina majami'u, amma har yau akwai uwar da ba ta iya barci, akwai saurayin da ƙarar babur ke sa shi rawar jiki. Sau da yawa ana ce musu "ka gafarta" tun ba su gama magana ba. Ayar daidai ce, gaggawar ce matsala. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana 7 shiru (Ayuba 2:13). Yaron da aka kashe mahaifinsa a gabansa, in ba mu saurare shi ba, masu neman ramuwa za su saurare shi. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin zumuntarmu kuwa, mu raka shi asibiti, muna addu'a.