Direban Haya: Ma'aikaci Ne Ko Mai Zaman Kansa?

A watan Fabrairun 2021, Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukuncin cewa direbobin Uber da suka kai ƙara ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi, tunda kamfanin ne ke yanke kuɗin tafiya, shi ne kuma ke gindaya sharuɗɗa. Irin wannan mas'ala tana gabanmu a Kwanar Ɗangora da tashoshin Tudun Wada da Doguwa, inda matasa ke karɓar babur daga hannun masu hali suna kai musu balas kullum.

Malaman fiƙihu sun rarrabe yarjejeniya iri biyu. Idan ka ɗauki mutum aiki ka mallaki lokacinsa, ladansa ya wajaba a kanka, ko ya samu fasinja ko bai samu ba. Idan kuwa hayar babur ka ba shi, naka shi ne balas, saura nasa ne. Babur ɗin amana ne a hannunsa, ba ya ramuwar abin da ya lalace sai in ya yi sakaci.

Zalunci yana shigowa ne idan mai babur ya haɗa moriyar biyun: ya ƙayyade wa yaro lokaci, ya karɓi balas, ranar da inji ya buga kuma ya ɗora masa gyara. Ƙa'idar shari'a ita ce mai cin riba shi ke ɗaukar asara, kuma sauya wa yarjejeniya suna ba ya sauya hukuncinta.

Saboda haka a fayyace sharuɗɗa, a rubuta su gaban shaidu, tun kafin a miƙa makulli. Allah Ya kiyashe mu da cin gumin talaka. Allah ne Mafi sani.