Idan Manhajar Kanti Ta Ce Kuɗi Sun Ɓata, Wa Za A Gaskata?

A shekarar 1879 ne James Ritty, mai gidan shaye-shaye a garin Dayton na jihar Ohio a Amurka, ya ƙera na'urar lissafin ciniki ta farko tare da ɗan'uwansa. Abin da ya tunzura shi zargi ne: yana ganin ma'aikatansa suna soke wani abu daga kuɗin ciniki a aljihunsu. Saboda haka tun ranar da aka haifi wannan na'ura, aikinta shi ne ta tsaya wa mai dukiya shaida a kan wanda ke tsare masa kanti.

Yau na'urar ta koma manhaja a cikin kwamfuta ko wayar hannu, kuma ta bazu a manyan kantuna da shagunan magani na Kano da Kaduna da Abuja. Kamfanonin da ke sayar da ita ba sa gajiya da tallan sababbin abubuwa: ƙidayar kaya kai tsaye, gargaɗi idan magani ya kusa lalacewa, haɗa rassa da yawa a allo guda, aika wa maigida rahoton ciniki a waya ko yana Makka. Sabuntawar kan sauka ta intanet cikin dare, gari ya waye manhajar ta canza ba tare da mai tsaron kanti ya san abin da aka taɓa ba. Amfanin waɗannan abubuwa a fili yake. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi wa dillalan manhaja ba: ranar da allo ya nuna giɓin kuɗi, mai tsaron kanti kuma ya rantse bai ɗauka ba, da me za a raba gardama?

Birtaniya ta ɗanɗana kuɗar wannan tambaya. Daga 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara girka manhajar Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a dubban rassanta. Akasarin rassan nan ƙananan 'yan kasuwa ne ke gudanar da su a cikin shagunansu, kuma yarjejeniyarsu ta ɗora musu biyan duk giɓin da aka samu. Manhajar ta riƙa nuna asarar kuɗin da ba su taɓa ɓata ba. A reshen Dalmellington na Scotland, allo ya daskare yayin da ake tabbatar da karɓar kuɗi, duk lokacin da aka sake danna maɓalli sai manhajar ta sake rubuta adadin, har giɓin ƙarya ya kai fam 24,000. Masu rassan da suka kai kuka an sha gaya musu cewa su kaɗai ke da wannan matsala.

Tsakanin 1999 da 2015 an yanke wa mutum fiye da 900 hukunci bisa laifin sata ko almundahana ko ƙarya a lissafi. Wasu sun sha ɗauri, wasu sun sayar da gidajensu don cike giɓin, wasu sun mutu da tabon sata a sunansu. Sai a 2019, a ƙarar da mutum 555 suka shigar ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, Mai Shari'a Fraser ya tabbatar cewa manhajar tana da kurakurai, kuma ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga lissafin reshe daga nesa su canza shi, abin da hukumar ta daɗe tana musantawa. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39, a 2024 kuma majalisar dokoki ta yi doka ta musamman ta soke ɗaruruwan hukunce-hukuncen.

Abin da ya ba wannan zalunci tsawon rai shi ne ɗaukar kwamfuta a matsayin mai gaskiya har sai an kawo hujjar kuskurenta, alhali hujjar tana hannun kamfanin da ya rubuta manhajar. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ta fi taka-tsantsan a nan, domin sashe na 84 ya shardanta a nuna cewa kwamfutar tana aiki daidai kafin kotu ta karɓi takardar da ta fitar. Amma rigimar kanti ba kasafai take isa gaban alƙali ba. Tana ƙarewa ne a bayan kanta, ko a ofishin 'yan sanda, ko a zauren iyayen yaro. Yaron shago da ya yi shekaru yana bauta wa maigidansa da fatan a sallame shi da jari ba shi da kadarar da ta wuce amana. Da zarar an ce na'ura ta kama shi, labari ya zaga kasuwa, babu mai sake damƙa masa makulli.

Hanyoyin da lissafi kan karkace a kasuwannin Arewa kuwa sanannu ne. Wuta kan ɗauke ana tsakiyar rubuta ciniki. Intanet kan yanke, mai karɓar kuɗi ya sake dannawa, ciniki ɗaya ya shiga sau biyu. Banki kan cire kuɗi daga asusun mai saye ba su iso ba, ko su iso bayan an rufe lissafin ranar. A shaguna da yawa mutum uku ko huɗu ne ke shiga manhaja da lambar sirri guda, ta yadda ba za a iya cewa ga hannun da ya soke rasit ba.

Mai dukiya zai ce sata gaskiya ce, kuma manhaja ta toshe ƙofofin da littafi da biro suka bari a buɗe. Haka ne, kuma wannan ne ma ya sa ya fi kowa bukatar shaidar da ba ta da rauni. Wanda ya kori amintaccen yaro a kan kuskuren manhaja ya yi asara biyu: ya rasa yaron, kuskuren kuma yana nan yana jiran na gaba.

Don haka sabon abin da ya cancanci mai kanti ya biya kuɗi a kansa shi ne rajistar da ba ta gogewa, wadda ke rubuta kowane canji da sunan wanda ya yi shi da lokacin, har da canjin da ma'aikatan kamfanin suka yi daga nesa. Kowane ma'aikaci ya sami lambarsa shi kaɗai, ya kuma karɓi kwafin lissafin rufe ciniki na ranar da ya yi aiki. Kamfani ya sanar kafin kowace sabuntawa, ya bayyana kurakuran da ya gyara a fili, domin kuskuren da aka gyara yau yana iya zama dalilin giɓin watan jiya. A ci gaba da ƙirga kuɗi da kaya da hannu lokaci-lokaci, a gaban mutum biyu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa irin na Kantin Kwari da Singa suna da ƙarfin da za su gindaya wa dillalai waɗannan sharuɗɗa, su kuma riƙa tattara koke-koken mambobinsu, don kada a ce wa kowa shi kaɗai ke da matsala.

Lokaci ma ya fara ƙurewa. A watan Agustan 2025 hukumar tara haraji ta tarayya ta fara tsarin rasit na lantarki da manyan kamfanoni, kuma manufar ita ce a faɗaɗa shi zuwa na ƙasa da su. Idan ya iso kantuna, abin da manhaja ta rubuta zai zama hujjar hukuma a kan maigida, kamar yadda yake zama hujjar maigida a kan yaronsa. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mai kantin da ya nemi a ba yaronsa hanyar kare kansa daga kuskuren na'ura, kansa yake yi wa tanadi.