Wai littafin ƙarya ne, in ji su



Ranar Juma'a wani abokin Baba ya same ni a rumfa ina karatu, ya tambaye ni labarin mene ne. Na ce masa labarin Nijeriya ne a shekarar 2066. Sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, wanda bai san abin da zai ci gobe ba, shi ne zai san 2066?" Na yi shiru saboda girmansa, amma abin ya tsaya mini a rai.

Littafin shi ne Rosewater na Tade Thompson, wanda ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019. Jarumin tsohon ɓarawo ne mai suna Kaaro, da banki ya ɗauka aiki don ya tare masu shiga kan mutane suna satar sirrin asusunsu. To don Allah, wannan ya yi nisa da mu? Bara wani ya zo ya ɗauki buhun albasa huɗu a wajen Baba, ya nuna masa saƙon banki a waya, Baba ya sallame shi har da addu'a. Kuɗin nan har yau ba su shigo ba. Ɓarawon bai fasa ƙofa ba, bai zaro wuƙa ba.

Akwai kuma Moxyland na Lauren Beukes, 'yar Afirka ta Kudu, da ya fito a 2008. A cikinsa, hukuncin da aka fi tsoro shi ne hukuma ta yanke maka waya, domin daga nan ba kuɗi, ba hawa mota, ba shiga ko'ina. Duk wanda aka toshe wa layi a 2022 saboda bai haɗa shi da lambar NIN ba, ko ya kwana a layin POS a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, ya san matar nan ba tatsuniya ta yi ba. Mu da cinikinmu na tsaba ne, ai mun ji a jikinmu.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba maganar dattijon ba ce, marubutanmu ne. A 2017 Deji Olukotun ya fitar da After the Flare, ya kafa tashar harba kumbo a kusa da Kano, ya ɗauko jarumi daga Amurka. Ban ga laifinsa ba, ƙasar tasa ce shi ma. Amma Kanon da ta cika kasuwa da littattafan soyayya, a ce sai wani ya zo da Turanci ya hango mata gobenta? Kuma kada wani ya ce ba al'adarmu ba ce. Tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaro sararin samaniya da Hausa tsantsa.

Ni abin da nake nema kaɗan ne. A ba ni labarin ɗan kasuwar Sabo a 2040, wanda aka sace muryarsa da kwamfuta aka kira yaronsa a Kano aka ce ya loda tirela. Da Hausa, yadda zan karanta wa Baba bayan isha'i, tun kafin a yi masa.