Aljanin Wani Adabi Ne, Namu Shirme?

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya a tsakanin wasu manazarta adabi. Idan aka ambaci Gabriyel Garsiya Markes, mutumin Kolombiya, sai ka ga malami ya gyara zama, yana yaba yadda a littafinsa na 1967, Cien años de soledad, wata budurwa ta tashi sama tana cikin ninke zannuwan gado, aka kuma yi ruwan sama na fiye da shekara huɗu. Wannan, in ji su, shi ne salon gwama al'ajabi da zahiri, har ya taimaka wajen jawo wa mai shi kyautar Nobel a 1982. To amma a bari malamin nan ya iske ɗalibarsa da labarin soyayya na Hausa a wayarta, wanda aljani ya auri yarinya a ciki, sai ka ji an ce shirme ne, gudun duniya ne, ɓata lokaci ne. Mu dai muna neman a nuna mana ma'aunin da aka auna da shi.

Ba a yau aka fara wannan cece-ku-ce ba. A shekarun 1990 an sha fafatawa a jaridu kan littattafan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, a 2007 kuwa har ƙona wasu aka yi a Kano a bainar jama'a. Wutar ta mutu, karatun bai mutu ba. Ya dai yi ƙaura daga rumfunan 'yan littattafai zuwa WhatsApp da Wattpad.

Masu kushe suna mantawa cewa ƙagaggen labarin Hausa da al'ajabi aka yanke masa cibi. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, waɗanda aljanu ke kai-komo a cikinsu kamar 'yan gari, kuma su muke ɗora wa ɗalibai jarrabawa a kai. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, soyayya ce da aljana a ciki. Mu da ke koyar da Hausa nesa da ƙasar Hausa muna kallon yadda maƙwabtanmu Yarabawa ke girmama Fagunwa da dodannin dajinsa tun daga 1938. Ba su ji kunyarsa ba, Wole Soyinka da kansa ya juya littafin zuwa Ingilishi.

Sai batun gudun duniya, wanda shi ne babban zargin. Wa ke karanta littattafan nan? Matar aure da ta gama girki da wanki da rainon yara, da ɗalibin da ya bar gida ya zo garin da ba a jin harshensa, da mai jinya da ke gadin ɗan'uwa a asibiti cikin dare. In irin waɗannan suka sami awa guda suka shiga wata duniyar da masoya ke haɗuwa a ƙarshe, wa suka cuta? Janice Radway ta zauna da matan Amurka masu karanta littattafan soyayya, ta bayyana a littafinta na 1984 cewa ɗaukar littafin kansa wata hanya ce da matan ke keɓe wa kansu lokaci a gidan da kowa ke da buƙata a wurinsu. Kakanninmu ma da suka ce “ga ta nan, ga ta nanku” ba lacca suke shirin yi ba. Hasali ma mai cewa dole kowane shafi ya zama darasi bai taɓa kwana yana jiran likita ba.

Duk da haka ba kowane aljani za mu tsaya wa ba, kuma nan ne ya kamata manazarta su kashe tawadarsu. A dubi Como agua para chocolate na Laura Esquivel ta Meziko, 1989. Al'adar gidan ta hana Tita aure don ita ce auta, aikinta kula da uwa. Saurayinta ya auri yayarta, aka kuma sa ta haɗa kek ɗin bikin. Hawayenta suka zuba a ƙullun, duk wanda ya ci sai kuka da amai. Al'ajabin nan bai rufa wa kowa asiri ba, baƙin cikin da aka hana yarinya faɗa ne ya fito ya kama taron biki gaba ɗaya. Markes ma, a tsakiyar al'ajabansa, ya ajiye kisan ma'aikatan gonakin ayaba da sojoji suka yi a 1928.

Kwatanta wannan da abin da muke yawan gani a labaran yanzu. Miji ya yi shekara yana dukan matarsa, ya hana ta abinci, ya kore ta da goyo. Ana kusa da babin ƙarshe sai a tono laya a bakin ƙofa, a ce ashe kishiya ce ta je wurin boka. Shi ke nan, an wanke maigida tas, an jibga wa wata mace laifin, wadda aka zalunta ta koma ɗakinta tana neman gafara. Wannan ragwancin marubuci ne, kuma ya fi kowace sumba da ake ƙorafi a kai illa, domin yana koya wa mai karatu cewa azzalumi ba shi da hannu a zaluncinsa. Balaraba Ramat Yakubu ba ta nema wa Alhaji Abdu irin wannan mafaka ba a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta bar shi ya girbi abin da ya shuka.

Saboda haka muna ƙalubalantar ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri: a ɗauki labarai ashirin daga cikin waɗanda ke yawo a waya, a ƙirga wurare nawa aljani ko asiri ya tona gaskiya, wurare nawa ya binne ta, a kuma rubuta wa aka wanke a kowane labari, wa aka bari da laifi.