Kada A Raina Hausar Baƙo

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya ratsa ƙasar Kura da Bunkure, noman rani ya jawo 'yan ci-rani, kowa da irin Hausarsa. Bakano ya ce "fari", Basakkwace ya ce "hwari". Wannan ya ce "mace ce", wancan ya ce "macce ta". A bakin gona kuwa ana cinikin tumatir da shinkafa lami lafiya, ba mai neman tafinta.

To, don me sai a aji da ofis abin zai zama na dariya? Gaskiya ne bisa Kananci aka ɗora daidaitacciyar Hausa, Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 kuma ta tsare ƙa'idar rubutu. Amma ƙa'idar nan ta takarda ce. Yaron da aka yi wa ba'a saboda Hausar gidansu, gobe ba zai ƙara buɗe baki a aji ba, karatunsa ya tsaya ke nan.

Saboda haka muna roƙon malamai da akawuna, a gyara rubutu cikin haƙuri, a bar wa kowa maganar garinsu.